Yadda zaka rage shan man motarka mai turbo ba tare da ka kashe mata ƙarfi ba

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai hirar masu mota ta koma guda ɗaya, litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000 kafin 2024 ta ƙare. Toh mu masu motocin turbo irin su Golf GTI, C300 ta 2015 zuwa sama, BMW 335i, Lexus IS200t da Accord 2.0T abin ya fi yi mana ciwo, don da yawanmu da muka je saye cewa aka yi ai ƙaramin inji ne bata shan mai, sai gashi kana tuƙi kana kallon allura tana sauka. Ni GTI Mk6 nake hawa, inji 2.0 TSI, tankinta lita 55, kuma yawancin abin da zan faɗa maka anan a jikinta na koya, wani da daɗi wani da asarar kuɗi.

Kafin mu shiga matakan bari ka gane abu ɗaya, don in ka gane shi sauran duk zasu zo maka da sauƙi. Motar turbo ciki biyu gareta. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya turbo, ita kuma ta dinga ɗura iska cikin inji da ƙarfi, wannan matsin iskar shi ake kira bust. In kana tafiya a hankali turbo bata wani aiki sosai, injinka 2.0 ne yana cin abincin 2.0. Amma da zarar ka danna totur bust ya kai kamar bar 1 a ma'aunin matsin iska, iskar da ke shiga ta kusa ninkawa, kenan injin ya koma cin abincin mai lita 4.0, kuma ba anan ta tsaya ba, a tafiyar yau da kullum ƙwaƙwalwar mota tana haɗa iska kashi 14.7 da fetur kashi 1, amma cikin bust mai ƙarfi sai ta ƙara fetur ya koma wajen 12 da 1 ko ƙasa da haka don ta sanyaya cikin silinda kar zafi ya yi ɓarna. Kaga iska ta ninka, sannan kowace iska an ƙara mata mai. Shi yasa mutum biyu masu mota iri ɗaya, ɗaya zai ce maka bata sha, ɗaya ya rantse maka rijiya ce, kuma dukkansu gaskiya suka faɗa.

Matakin farko, ka auna. Dan Allah kar ka tsallake wannan, yawancin mutane da ido suke auna shan mai, "na sa na dubu ashirin ranar Litinin gashi Laraba ya ƙare", wannan ba awo bane tunda farashi yana canzawa kuma baka san kilomita nawa ka yi ba. Ga yadda ake yi: ka je gidan man da ka yarda da litarsu, ka cika tanki har famfo ya katse da kansa karo na farko, kar ka bari a yi ta ɗurawa ana girgiza mota. Ka mayar da lissafin tafiya na dashbod zuwa sifili. Ka yi harkokinka yadda ka saba, kar ka canza komai a tuƙinka tukunna. In ya yi ƙasa ka koma gidan man nan, in da hali famfon nan, ka sake cikawa ka rubuta lita nawa ta ci. Misali ka yi kilomita 400 ta ci lita 48, sai ka raba 48 da 400 ka ninka da 100, ya baka lita 12 a duk kilomita 100. In motarka 'yar Amurka ce mil take ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6 ka samu kilomita, in kuma mpg take nuna maka, wato mil nawa take yi da galan ɗaya, ka raba 235 da lambar, misali 235 a raba da 24 ya baka kusan lita 10. Ka yi haka sau biyu ko uku ka ɗauki tsaka-tsaki. Lambar da dashbod ke nunawa tana taimakawa amma sau da yawa tana ɗan yi maka daɗin baki, ta famfo ita ce gaskiya.

Mataki na biyu shi ne ka tabbatar motar lafiyarta ƙalau, don ko ka fi kowa sanyin ƙafa in akwai inda take yoyo aikin banza kake. Ka sa a ɗora mata sikana, ko ka sayi ɗan ƙaramin ELM327 ɗin nan mai Bluetooth ka haɗa da wayarka da manhaja irin Torque ko Car Scanner, bashi da tsada kuma zai biya kansa. Wutar cek injin ɗin nan da muke rainawa, wasu har baƙin salatif suke mannawa a kanta, in tana kunne akwai yiwuwar motar tana zuba mai ne bisa ƙiyasi don wata sensa ta daina bata labari. A sikana ka duba abin da ake kira LTFT, wato gyaran da ƙwaƙwalwa take yi wa awon mai na dogon lokaci, in yana yawo kusa da sifili lafiya, in ya wuce 10 sama ko ƙasa to akwai magana.

Anan zan daɗe kaɗan don nan ne na sha wuya. Akwai lokacin da motata ta fara shan mai fiye da yadda na santa, bakin salansa ya yi baƙi ƙirin, in na taka kuma sai in ji wani ɗan huci kamar ana sace iskar taya. Na kai wajen wani bakanike ko bonet bai gama buɗewa ba yace nozul ne, masu fesa fetur cikin inji, a sayo guda huɗu. Allah ya taimake ni kuɗin basu cika ba a ranar. Washegari wani dattijo mai gyaran motocin Jamus ya sa aka ɗaga motar, ya haska tocila ƙasa wajen tiyon da ya fito daga intakula, wato mai sanyaya iskar da turbo ta ɗuro, yace "Alhaji zo ka gani", sai ga wajen haɗin ya jiƙe da baƙin mai ƙura ta manne a kai kamar an shafa kwalli, ya sa hannu ya girgiza tiyon sai gashi yana motsi, robar cikin ta mutu. Abin da ke faruwa shi ne sensar iska ta riga ta ƙirga iskar da ta shigo, ƙwaƙwalwa ta zuba mai daidai da ita, amma rabin hanya iskar ta gudu ta wajen yoyon, man ya yi yawa, ƙarfi ya ragu, ni kuma ina ƙara takawa don in cike giɓin. Roba ɗaya da kilif aka canza shikenan. Don haka ka bi duk tiyon da ke tsakanin turbo da inji da ido da hannu, duk inda ka ga jiƙon mai da ƙura ka tsaya a wajen. Masu BMW mai injin N54 da N55 ku duba bututun robar nan da ke shiga totur, ya saba tsagewa, masu VW da Audi 2.0 kuma ku duba bawul ɗin da ke jikin turbo mai mayar da iska da kuma PCV na saman inji, bawul ɗin da ke fitar da tururin baƙin mai.

Sai abubuwa biyu da ake yi wa motoci a garejinmu waɗanda wallahi suna ƙona min rai. Na ɗaya cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, da haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Injin nan an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90, in aka cire tamostat ruwa baya kai wannan zafin da wuri, a hunturu ko a doguwar hanya ma ba zai kai ba sam, ƙwaƙwalwa kuma in ta ga inji da sanyi ƙara mai take yi, kenan kullum motarka tana tafiya kamar yanzu aka tada ta da asuba. In allurar zafi bata zuwa tsakiya ta zauna bayan minti goma na tafiya, ka bincika ko an cire, ka mayar. In mota tana zafi a nemo dalilin, lagireto ne ya toshe ko fanka ce ko famfon ruwa. Na biyu fasa indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, wani ma sacewa ake yi a gareji a sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke ciki. In indomi ya toshe da gaske zai shaƙe turbo ya sa shan mai, wannan gaskiya ne, amma maganinsa a sa wani, kuma a tabbatar sensar oksijin ta gaba tana aiki don da ita ƙwaƙwalwa ke daidaita mai.

Fulogi kuma kar ka yi masa rowa. Injin turbo yana cin fulogi fiye da wanda bashi da turbo, da yawansu wajen kilomita 60,000 ake so a canza, ka duba littafin motarka, ka sayi lambar da aka rubuta, kuma ka kula da jabu don sun cika kasuwa, kwalinsu har ya fi na ainihin kyalli. Filtar iska a lokacin hunturu ka dinga buɗewa duk wata, ka ɗaga ta saitin rana, in haske baya ratsawa ka canza, busawa da iskar mai faci da ƙarfi yana iya huda takardar ƙura ta wuce ta cinye fukafukan turbo. Intakula ma tana gaba can ƙasa tana kwasar ƙura da ƙwari da ledoji, in ta toshe iska mai zafi ke shiga inji, ka sa a wanke ta da ruwa mara ƙarfi sosai kar a lanƙwasa mata haƙora. In motar ta haura kilomita 100,000 kuma irin mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda ce kamar TSI, bawul ɗin shigar iska suna tara gawayi tunda fetur baya wanke su, maganin da ake zubawa a tanki baya kaiwa wajen, sai an buɗe an kankare.

Mataki na uku baƙin mai. A daina zuba wa motar turbo 20W-50 don Allah. Mai kauri yana sa inji wahalar juyawa, kuma baya saurin isa cikin turbo da safe, ita kuwa tana juyawa sama da sau 100,000 a minti. Ka duba abin da kamfani ya rubuta, VW irin tawa 502 00 take so, Mercedes da yawa 229.5, BMW kuma LL-01, sauran ka nemi mai API SP ko SN Plus a jikin galan don an yi su ne saboda ƙananan injinan turbo. Da ƙurarmu da gosulo da zafi ni bana jiran dogon zangon da Turawa ke yi kafin juye, gara in yi da wuri.

Na huɗu fetur ɗin kansa. Buɗe murfin tanki ka karanta abin da aka manna a ciki, akwai lambar oktan, wato juriyar fetur ga ƙwanƙwasa, yawancin irin motocin nan 95 suke nema wasu 98, in 'yar Amurka ce zaka ga 91 ko 93 don lissafinsu daban ne, 91 ɗinsu shi ne kusan 95. Mu kuma a nan yawanci kala ɗaya ake sayarwa a famfo babu zaɓi. In man bai kai ba inji yana fara ƙwanƙwasa, sensa ta ji, ƙwaƙwalwa ta ja wuta baya ta ƙara mai don ta kare injin, ƙarfi ya ragu sha ya ƙaru, kuma abin ya fi tsanani da rana tsaka a watan Afrilu in ka taka da ƙarfi. Abin da ke hannunka shi ne ka riƙe gidan mai ɗaya ko biyu masu ciniki sosai da ka gwada ka ga motar na jin daɗin mansu, ka guji na bumburutu sai dole ta dole don baka san me aka haɗa a jarkar ba, sannan ka rage takawa cikin zafin rana. Robobin ƙarin oktan ɗin nan masu arha yawancinsu abin da suke ƙarawa bai taka kara ya karya ba, wasu kuma suna barin jan datti a kan fulogi.

Na biyar taya da kaya, wannan ba sai na ja ba. Lambar iskar da ta dace tana manne a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, ita zaka bi, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi, ka sayi gejinka don na masu faci da yawa sun gaji. In mota tana ja gefe ko taya na cinyewa ta gefe ɗaya a yi alaimen. Bayan tafiya ka kai hannu kusa da kowane rim, in ɗaya ya fi sauran zafi sosai birki ne ya riƙe. Manyan rim masu nauyi da faffaɗar taya suna da kyau a ido amma da mai ake biyansu. But kuma a sauke tarkace, Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta duk ƙarin kilo 45 yana cin kusan kashi 1 cikin 100.

Toh yanzu mun zo babban mataki, ƙafarka. Ma'aikatar nan dai ta ce tuƙin fizga da yawan birki yana iya rage nisan da mai ke kai ka da kashi 15 zuwa 30 a babbar hanya, cikin cunkoso kuma 10 zuwa 40, kuma a motar turbo ina ganin ai nan ne kusan duk kuɗin yake. Ka sa dashbod a wajen da ke nuna shan mai na nan take, ka yi sati ɗaya kana lura da shi, zaka ga da ɗan ƙarin takawa kaɗan lambar take tsalle daga 8 zuwa 25, a nan ne ka shiga bust. In danja ta baka hannu ka tashi da kamar kashi ɗaya cikin uku na totur, ka kai gudun da kake so ba tare da jan lokaci ba sannan ka sassauta ka riƙe shi, jan ƙafa kamar kunkuru shi ma ba tanadi bane don kana daɗewa a ƙananan giya. In mai kulochi ce ka canza giya in juyin inji ya kai wajen 2,000 zuwa 2,500 a minti, injin GTI irin nawa tun daga wajen 1,700 yake bada cikakken ƙarfin jansa, babu buƙatar kai shi 4,000 a cikin gari. Amma fa kar ka wuce gona da iri, ka sa giya ta shida a 1,200 sannan ka danne totur a kan hawa, wannan yana iya fasa fistin a injin turbo, in kana son ƙarfi ka sauko da giya ɗaya. In otomatik ce ka barta a D ko Eco ko Comfort, S ɗin nan riƙe giya take yi tana jiran ka taka.

Ka dinga kallon nesa. In ka hango danja ta yi ja ko bamp ko shingen jami'ai, ɗaga ƙafa tun daga nesa ka bar motar a cikin giya tana gangarawa, motocin yanzu in ka ɗaga ƙafa a cikin giya yanke fetur suke yi gaba ɗaya. Masu sa mota a firi a gangara suna ganin tanadi suke, alhali a firi dole inji ya sha mai don ya riƙe silo, wato juyin da yake yi ba a taka totur ba, ga haɗari in birki ya yi zafi. Duk birkin da ka taka da ƙarfi man da ka riga ka ƙona ne ka zubar.

A babbar hanya kuma gudu shi ne ɓarawon. Iskar da ke tokare mota a 140 ta kusa ninka ta 100, kuma a wannan gudun turbo bata hutawa. A tafiyar kilomita 100, mai gudun 140 minti 17 kacal zai riga mai gudun 100, shi ma in hanya ta bashi ba tirela ba rami ba gari, kuma dama 100 ce ƙa'idar ƙananan motoci a manyan titunanmu. Ni in na hau hanyar Kano zuwa Zariya a 100 zuwa 110 nake sa kurus mai riƙe gudu da kansa in barta, in zan wuce tirela in sauko da giya in taka sosai in wuce in koma, nan ne amfanin turbo kuma nan bana jin ciwon man da ta sha.

Sai zaman silo. Da safe ba sai ka bar mota minti goma tana ɗumi ba, rabin minti zuwa minti ɗaya ya isa mai ya zagaya, sai ka tafi a hankali kar ka shiga bust har allurar zafi ta hau. Zama a mota da AC ana jiran yara a ƙofar makaranta ko ana jiran uwargida a kasuwa yana cin wajen lita 1 zuwa 2 a awa, ka lissafa sau nawa kake yi a wata. Amma in ka sha gudu a doguwar hanya kar ka kashe nan take, ka sassauta a kilomitocin ƙarshe ko ka bata minti ɗaya zuwa biyu turbo ta huce. AC kuma ba zan ce ka kashe ba a zafin nan namu, ka dai nemi inuwa wajen fakin, in ka shiga ka sauke gilas zafin ya fita tukunna sannan ka kunna ka sa ta dinga juya iskar ciki. A babbar hanya rufe gilas da AC ya fi buɗe gilas. Ƙananan aike kuma ka haɗa su fita ɗaya, inji mai sanyi a tafiyar kilomita 2 ko 3 shi ya fi kowane sha.

Akwai abubuwan da zan roƙe ka kar ka kashe kuɗinka a kai. Ɗan akwatin da ake soka wa a ramin sikana wai yana rage shan mai, da maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon fetur, da ƙwayoyin jefawa a tanki, hukumar kare muhalli ta Amurka EPA ta gwada irin waɗannan sama da 100 bata samu wanda ya yi wani tasirin kirki ba. Tunin ɗin ƙara ƙarfi da ake kira Stage 1 kuma yawanci an rubuta shi ne don mai 95 ko 98, ka ɗora shi a kan man da baka da tabbacinsa kana wasa da injinka ne, kuma wanda ya ƙara doki ai takawa zai yi. Masu tunanin komawa gas na CNG su sani injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda ba kowane kit yake karɓa ba, nasa daban ne kuma yawanci yana ci gaba da shan ɗan fetur don nozul kar su ƙone, a tambaya da kyau kafin a huda but.

In ka gama waɗannan sai ka koma matakin farko, gidan man nan, famfon nan, katsewar farko. Ka dinga canza abu ɗaya a lokaci guda don ka san wanne ne ya yi aiki, wannan tankin ka gyara iskar taya da filta, na gaba fulogi da tiyo, na gaba kuma ƙafarka kaɗai. Ni ɗan littafi nake ajiyewa a aljihun ƙofa da biro, kwanan wata, kilomita, lita, da abin da na canza, layi ɗaya duk shan mai, in na ga lambar ta haura da lita ɗaya ko biyu ba tare da na canza hanya ko tuƙi ba, a satin nake ɗora sikana in leƙa ƙarƙashin mota.